Neman shawara: simbal ɗina ya tsage, jika 120 gare ni

Lawali Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara biyu ke nan ina buga batri, wato saitin gangunan zamani, a ƙungiyarmu ta wasan biki nan Damagaram. Ta hannu na saya wurin wani da ya bar kiɗa ya koma kasuwa. Gangunan ba laifi, amma simbal ɗin da suka zo da ita, wato faya-fayan ƙarfen da ake bugawa tare da gangunan, ko suna ba su da shi, rawaya ne kamar tiren shayi. Ranar Asabar muna wasa a Mirya, ana tsakiyar liƙi, karash, simbal ɗin da ake bugawa ya yi ƙara mai fashewa, ya tsage daga baki, tsagar ta kai tsawon yatsa. Yanzu in na buga sai ka ce an yar da marfin tukunya.

Jika 120 na sefa na tara. Wani mai shago a Sabon Gari ta Kano ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Akwai Meinl HCS sabo a kwali, guda uku: sharlaston (mai buɗewa da rufewa da ƙafa) inci 14, karash inci 16, rayid (babban da ake riƙe kiɗa a kansa) inci 20. Akwai kuma na hannu, Sabian B8, sharlaston 14 da karash-rayid 18, biyu kawai, kuma kuɗin kusan ɗaya ne. Raina ya fi karkata ga sabon, uku ai sun fi biyu. Bayan salla bukukuwa za su taso, ba na son a same ni haka. Wanne zan ɗauka?

Habu Garin Malam:
Da na ga batri na ɗauka ta mota ce, har zan tura ka gareji. Allah ya mayar da alheri, bari manya su zo.

Baba Isufu:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka ƙirga guda nawa ne a kwali, tambayi da wane ƙarfe aka yi su, don ƙarfen za ka saya.

Iri uku ne a kasuwa. Na ƙasa shi ne leton, haɗin jan ƙarfe da zinki. Shi ne wannan rawaya da ya tsage maka, kuma HCS ɗin da aka nuna maka ma leton ne. Haka Sabian SBR da Paiste PST 3. An yi su ne don yaro mai koyo a ɗaki. Ka buga, ƙarar ta fito "tas" ta mutu nan take, ba ta da jela. Na tsakiya tagulla ce da ake kira B8, kashi 92 jan ƙarfe, kashi 8 kuza. Launinta ya ɗan yi ja-ja, muryarta tsaye take, tana ratsa hayaniya. Na sama B20, kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 kuza, irin wanda gidan Zildjian suka yi suna da shi tun 1623 a Istanbul. Wannan jika 120 ba za ta ba ka saiti ba, kar ma ka wahalar da ranka.

To ka ga abin da mai shago ya shimfiɗa maka: ko ka sake sayen ƙarfen da ya ba ka kunya a Mirya, illa dai yanzu da suna a jikinsa, ko ka hau mataki ɗaya. Ni biyun zan ɗauka. A wasan biki hannunka na kan sharlaston daga bisimilla har a tashi, shi ne gishirin kiɗan. Inci 18 ɗin kuwa ka buga bakinsa ya yi maka karash, ka dawo tsakiya ya yi maka rayid. Mun yi shekaru muna wasa da biyu, ba amaryar da ta taɓa ƙirga mana.

Sanusi mai sono:
Baba, da girmanka, a nan zan ɗan saɓa. Ni nake haɗa sono, wato kayan sauti, a yawancin bukukuwan da waɗannan yaran ke zuwa. Gurup ɗin wuta na ruri a baya, piyano an ƙure shi, ga kalangu, ga mata na guɗa. Wa zai bambance leton da tagulla a wannan ruɗanin? Meinl kamfanin Jamus ne, ko leton ɗinsu ya fi wanda ba suna nesa ba kusa ba. Sabo kuma ka san ba wanda ya taɓa dukansa. Na hannu kuwa ba ka san irin azabar da ya sha ba.

Baba Isufu:
Sanusi, makirfo nawa kake sa wa simbal in ka je biki?

Sanusi mai sono:
Gaskiya ba na sawa. Ɗaya a babbar ganga, in an samu ragi ɗaya a kes, ƙaramar gangar nan.

Baba Isufu:
To ka ba da amsa da bakinka. Simbal shi kaɗai ke ƙwatar kansa a filin. In ƙarfen ba ya da murya, yaro sai ya ƙara ƙarfin hannu don a ji shi, daga nan sai tsagewa. Amma maganarka ta biyu gaskiya ce, na hannu ba a sayensa a hoto.

Mushe Tijani:
Ƙanena Lawali, in ka yanke shawarar na hannu, ka shiga mota ka je Kano da kanka, ko ka aiki makaɗi, ba direba ba. Ga abin da za ka duba.

Ɗaga shi ka kalli haske ta ramin tsakiya. Ramin ya zama da'ira sosai. In ya zaizaye gefe guda ya yi kamar ramin makulli, an daɗe ana buga shi ƙarfe kan ƙarfe, ka nemi ragi mai yawa ko ka bar shi. In akwai ƴan tsage-tsage kewaye da ramin, ko kyauta ne kar ka biya masa kuɗin mota. Sai ka bi bakin da farce a hankali, duk inda farce ya maƙale ka tsaya ka duba. Wata tsagar kuma tana ɓuya cikin layukan da ke zagaye jikinsa, ido ba ya ganinta da wuri, amma kunne na ji: rataye shi a yatsa, ka buga da baget, wato sandar kiɗa, ka saurara har ƙarar ta ƙare. Lafiyayye a hankali yake yin shiru. Mai tsaga za ka ji wani ɗan "zzz" ko ƙarar ta yanke.

Sannan kar rubutun baƙin tawada ya ruɗe ka, kowa na iya buga shi. Sabian da Zildjian suna da hatimi da aka danna cikin ƙarfen kansa. Launi ma shaida ne: in an ce maka B8 ka ga rawaya sak, leton ne.

Wani abu da ba a faɗa ba: B8 ba abin raini ba ne. Paiste 2002, wanda manyan makaɗan duniya ke bugawa tun 1971, da wannan haɗin aka yi shi, aikin ne ya bambanta. In kuma ka ci karo da Wuhan na Sin, B20 ne ƙirar hannu mai araha, sai dai kowane ɗaya da muryarsa, wani daɗi wani kamar kwanon awo. Shi kam sai ka buga uku ko huɗu ka zaɓa.

Lawali Birni:
Na gode Mushe. Tsohon fa? Wani ya ce in kai wa mai sudir, wato mai walda, ya like tsagar.

Ibro mai sudir:
Sana'ata ce amma kar ka kawo mini. Wuta na kashe ƙarfen, wurin zai yi laushi, muryar ta tafi, ya sake tsagewa gefen likin. Abin da ake yi, a huda ƙaramin rami daidai inda tsagar ta ƙare don kar ta ci gaba, ko a yanke wurin a goge bakin ya yi santsi. Ba zai dawo yadda yake ba, amma ka samu na gwaji a gida. Kawo shi da safe, ba sai ka biya ba.

Hadiza Zango:
Yaya Lawali, ni da nake waƙa gabanka zan faɗi abin da sauran ba su gani ba. Rannan na ga yadda kake ɗaure papiyon ɗin nan, notin da ke riƙe simbal a sama, tamau har simbal ba ya motsi. Kuma robar da ke rufe ƙarfen da simbal ke zaune kansa ta cinye tun azumi, da zaren taya ka naɗe wurin. Ko na miliyan ka sayo haka za ka yi masa.

Lawali Birni:
Hadiza kin tona ni a bainar jama'a. Ɗaurewar don kar ya riƙa lilo ne.

Baba Isufu:
Lilon nan shi ne numfashinsa, ɗana. Sassauta papiyon har simbal ya riƙa rawa, soso ɗaya ƙasa ɗaya sama, roba a tsakiya. In ba ka samu robar ba, yanki ɗan tiyo ka zura. Ka ɗan karkato shi wajenka, kuma kar ka sare shi a baki kamar mai faskare, shafa shi za ka yi baget ta wuce gefe. Cikin jika 120 ɗin ka ware wani abu don soso da roba da jaka. Danshi da gumin hannu na sa shi tsatsa kore, ka riƙa goge shi da busasshen ƙyalle bayan wasa. Kar ka ji masu cewa a dirje shi da toka ko yashi kamar tukunya.

Sanusi mai sono:
Na janye rabi. Amma in ka je ka tarar na hannun da tsaga, kar ka dawo hannu wofi ka bar mu ba simbal ranar bikin salla.

Lawali Birni:
In sha Allahu Laraba zan bi ta Matamaye, da baget ɗina a aljihu. Na ce wa mai shagon ya ajiye mini Sabian ɗin, ya ce akwai wani karash guda da bai ɗauki hotonsa ba, zan buga shi ma in ji. Baba, in kira ka in sa maka a waya ka saurara?

Baba Isufu:
Waya ƙarya take yi, kowane simbal marfin tukunya ne a cikinta. Kunnenka ya isa. In za ka dawo ka naɗe su a bargo ka riƙe a cinyarka, kar ɗan kamasho ya ɗora su saman mota ƙarƙashin buhunan masara.