Don Allah a taimaka, fentin falona ya juye min

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya ban runtsa ba. Akwai wata kala da ake ce wa dasti mob, tsakanin shunayya da ruwan hoda ce, amma kamar an barbaɗa mata toka ta lafa. Na fi wata bakwai da hotonta a wayata. Maigida tun farko ruwan madara yake so, ya ce falo ba ɗakin yara ba ne. Sai da muka yi kwana uku ba ma doguwar magana, ƙanwarsa ma ta sa baki alhali babu wanda ya tambaye ta, ita da falonta ko labule bai dace da kujera ba, amma a bar wannan. Daga ƙarshe ya ce in yi yadda na ga dama, shi dai kada ya ji ƙorafi. Ya yi tafiya, na kira mai fenti na nuna masa hoton, ya ce ƙaramin aiki ne. An shafa bango biyu fenti ya ƙare, ya sake haɗa wani ya ƙarasa. Da safe wallahi gwanin sha'awa. Da daddare na kunna wuta sai na ga bangon ya koma kamar inda jini ya taru a fata, kuma ɓangaren talabijin ya fi sauran duhu. Saura kwana huɗu ya dawo. Yaya zan yi?

Anti Mai Haƙuri: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata a sayi fari a rufe shi kafin ya dawo, a huta. Fari ba ya ba mutum kunya.

Tsohon Mai Fenti: Hajiya ba ki gaya mana abin da ya kamata ba. Wace kala ce a bangon kafin a shafa wannan? An fara yin farin shafi a ƙasa? Shafi nawa aka yi? Wane irin ƙwan fitila ne a falon? Tagar tana kallon gabas ko yamma? Ƙanwar maigida ba ta cikin lissafin fenti.

Uwar Biyu: Baba rawaya ne a da, amma ai ya koɗe sosai. Mai fentin ya ce ba sai an ɓata kuɗi a farin ba, sabon zai rufe. Kuma yaron ya iya aiki, shi ya yi wa maƙwabciyata.

Tsohon Mai Fenti: To ga ɓarnar nan. Rawaya da shunayya kishiyoyi ne, duk inda ɗaya ya leƙo ta ƙarƙashin ɗaya sai kala ta yi dauɗa, ta karkata ruwan ƙasa. Na biyu, daga hoton waya aka haɗa miki. Fuskar waya haske take fitarwa, bango kuwa hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa, har abada ba za su zo ɗaya ba. Na uku shi ne ya fi ba ni haushi: haɗi biyu da ido. Ko na kamfani ne, gwangwani biyu masu suna ɗaya kan ɗan saɓa idan ba tare aka haɗa su ba, shi ya sa ake juye su duka a babban bokiti a gauraya kafin a tsoma rola. Ya kamata ya auna bangon tun farko. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana cin kamar murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi guda, kuma wannan kalar sai shafi biyu.

Maman 'Yan Mata: Hmm, masu fenti! Ni nawa ya karɓi kuɗi ya shafa rabin ɗaki, ya ce zai je ya dawo. Yau wata biyar. Har tsaninsa yana nan a bayan gida, yara na hawa. Ga ɗigon fenti a tayil ɗina da ya ƙi fita, na kankare da reza har na yanke yatsa. Allah ya isa kawai.

Tsohon Mai Fenti: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba Hajiya. Uwar Biyu, har yanzu ba ki amsa maganar ƙwan fitila ba. Ciro shi ki duba jikinsa, akwai lamba mai harafin K. In kin ga 2700 ko 3000, haskensa ja-ja ne, yana cinye shuɗin da ke cikin kalar ya bar miki ja da toka. In 6500 ne, zai mayar da ita toka mai sanyi kamar ɗakin asibiti. Nemi 4000 ki gwada yau da daddare kafin ki sake taɓa bango.

Uwar Biyu: Fitilun kam ba zan canza ba gaskiya, da kaina na zaɓe su saboda hasken mai taushi ne. Farin haske yana sa min ciwon kai.

Ɗalibar Zane: Anti ni dai kada ki rabu da kalar, tana da kyau. Kalmar mob ɗin ma daga Faransanci ta fito, sunan wani fure ne. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu rini mai launin shunayya da aka sa wa wannan sunan. Matsalarki ina ga yawa ya yi. Bango huɗu duka! Ki bar bango ɗaya, wanda ya fi kyau, sauran ukun a yi musu ruwan madara. Ki kawo kore mai duhu-duhu irin na ganyen zaitun a filon kujera, da ɗan ƙarfe ruwan zinare. Kin ga shi ma maigida ya samu kalarsa.

Tsohon Mai Fenti: Yarinya, tarihi ba ya gyara bango. Bango ɗaya daban a ƙaramin falo yanke ɗaki yake yi. Kala mai toka irin wannan ta fi kyau in ta zagaye ɗaki gaba ɗaya, silin fari. Abin yi guda ne: farin shafi a rufe komai, a je inda ake haɗawa da na'ura a zaɓa daga katin kala, a rubuta lambar a ajiye. A fara shafa wa faffaɗan kwali sau biyu, a bari ya bushe, don ɗanyen fenti ba kalarsa ke nan ba. A jingina shi a kowane bango safe, rana da dare. Kuma a ɗauki mara sheƙi, mai sheƙi duk wani tudu da kwarin filasta sai ya tona.

Ɗalibar Zane: Baba ai ba ta ce falon ƙarami ne ba.

Anti Mai Haƙuri: Duk wannan a kwana huɗu? Na ce a sa fari.

Wata Baƙuwa: Wace kala ce kujerunki? Ni haka na yi ta zagin fenti, ashe jan kafet ne ke haska bangon. Mijina har yau yana min gori a gaban baƙi.

Uwar Biyu: Kujerun ruwan makuba ne, labule kuma ruwan goro, amma sababbi ne, ba su da laifi. Ɗaliba, in na sa ruwan madara ai ya ci nasara ke nan, ƙanwarsa kuma ta samu abin faɗa har shekara.

Tsohon Mai Fenti: Makuba da ruwan goro a gefen mob, ga jan haske a sama? Hajiya tun farko da wannan kika fara.

Uwar Biyu: Na gode kowa da kowa. Na kira yaron, ya ce matsalar ba ta kai haka ba, zai ƙara ɗan fari a ragowar ya sake bi sau ɗaya gobe. Yanzu da rana na sake dubawa ma kamar ba laifi. Wai in aka ƙara farin, zai rage duhun ɓangaren talabijin ɗin?

Maman 'Yan Mata: Kada dai ki biya shi sai ya gama.