Guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajina ya jawo min magana, in rufe ne?

Malam_Bio:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Biology a SS2, wata makarantar kuɗi a nan Zariya. Farkon zango na buɗe wa 'yan ajina guruf saboda lab ɗinmu sunan lab kawai, sai nake tura musu gajeren bidiyo na yadda zuciya ke harba jini da tsofaffin tambayoyin WAEC, kuma wallahi abin ya yi amfani. To makon jiya wata yarinya ta fito gaban allo ta kasa zanen ƙoda har ta yi kuka, ashe wani yaro a kujerar baya yana ɗaukarta a bidiyo da waya, da dare ya jefa a guruf ya kuma sa a status. Kwana uku ba ta zo ba, a na huɗu babanta ne ya zo. Firinsifal ya ce in rufe guruf, waya kuma kar ta ƙara shigowa. Me kuka gani?

Anti_Lissafi:
Wa'alaikumussalam. Malam kar ka ji haushi amma da laifinka a ciki, ka buɗe ƙofa ka tafi ka barta. Akwai wurin da ake saitawa admin kaɗai zai iya tura saƙo, ni haka nake yi tun lokacin korona a 2020, ina buɗewa bayan la'asar awa ɗaya a yi tambaya sai in kulle. Kuma lambar iyaye nake sawa, da wata malama a matsayin admin ta biyu. Kai da kake namiji ma ka fi ni buƙatar wannan, ɗaliba ta biyo ka ta bayan fage ƙarfe 11 na dare wai ba ta gane aikin gida ba, ka ce ta tambaya a guruf kawai, don ranar da magana ta tashi ba mai tsaya maka.

Abban_Yara:
Ni uba ne, goyon bayan firinsifal nake. Ku malamai kuna turo bidiyo ba kwa tunanin wa ke sayen data, yarona ya karɓi wayar uwarsa wai zai yi karatu, na leƙa na same shi a TikTok.

DanKwamfuta:
Baba ka yi haƙuri amma hanawar ma ba za ta kai mu ko'ina ba, JAMB tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, na ga yaron da ya san amsa sarai amma hannunsa na rawa a kan maus har lokaci ya ƙare masa. Wayar a ajiye ta a ofis da safe, a fito da ita in darasi ya buƙata. Abin da ya fi damuna Meta AI ɗin nan da ke cikin WhatsApp mai rubuta wa mutum amsar abin da ya tambaya, a ba yara aikin gida su kwafo daga wurinsa, yaron da bai iya haɗa jimla ba ya kawo maka Turanci kamar farfesa. In ka ce ya tashi ya yi bayani da baki sai ido ya raina fata.

Malam_Bio:
Anti na karɓi laifina. Yaron ya goge ya ba ta haƙuri a gaban aji, amma waɗanda suka riga suka sauke fa? Gobe zan kai wa firinsifal shawarar nan ta admin kaɗai ya riƙa tura saƙo, in ya ƙi shikenan. Ita dai yarinyar ta dawo yau, sai dai ta koma kujerar ƙarshe.