Girafoloji: me za mu kira shi da Hausa?

1. Jama'ar Zazzau, a taimaka. Ina shirya darasi ga ɗalibai sai na ci karo da girafoloji, wato da'awar cewa ana gane halin mutum daga rubutun hannunsa: mai manyan baƙaƙe wai mai son a san da shi ne, mai danna alƙalami wai mai zafin rai. Wani limamin coci a Faransa, Michon, shi ya yaɗa sunan a 1871, ko da yake tun 1622 wani likita a Italiya, Camillo Baldi, ya yi littafi a kan batun.

2. "Nazarin rubutu" ya fara zo mini, amma ya yi faɗi. Ɗalibin Hausa a Samaru zai ɗauka ƙa'idojin rubutu ake nufi. "Karatun hannu" kuwa kai tsaye zai kai mutum wurin masu duban tafi.

Amsa daga Kusfa: Malam, ai muna da kalma tun da. Firasa. A ce "firasar rubutu".

3. Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗin baki, amma ta fi ƙarfin abin. Firasa a wurinku malamai baiwa ce da Allah ke ba mumini. Wannan kuwa masana halayyar ɗan Adam sun sha gwada shi, ba su ga yana faɗin hali ko ƙwazon aiki fiye da canki-canki ba, duk da cewa kamfanoni a Faransa sun daɗe suna tace masu neman aiki da shi. In muka ɗaura masa rawani, gobe wani zai fasa aure saboda wasalin yarinya ya karkace.

Amsa daga Tudun Wada: Yaya, to "duban rubutu" mana, tunda duba ne.

4. Ƙanwata, kin kusa. Sai dai duk malamin firamare duban rubutu yake yi kullum da jan biro, kada mu mai da su bokaye.

5. Akwai kuma aiki na biyu da ake cakuɗawa da wannan, kuma shi na gaske ne. In aka yi gardama a kotu kan takardar gida ko wasiyya, ƙwararre yakan jera rubutun da ake zargi da wanda aka tabbatar na mutumin ne, ya duba yadda yake haɗa baƙaƙe, inda yake ɗaga alƙalami, da rawar da hannun mai kwaikwayo ke yi. Wannan ba ruwansa da hali, wa ya rubuta kawai yake nema. Mu ma mun san shi: alaramma na ganin allo zai ce hannun wane ne, masu aiki da tsofaffin littattafan Ajami da Larabci a Jami'ar Ahmadu Bello kuma sukan bambance hannun Barno da na ƙasar Hausa. Bahaushe da ma "hannu" yake cewa, "hannunsa da kyau". Don haka wannan a kira shi tantance hannu.

6. Girafoloji kuwa na tsaya a kan "kintacen hali ta rubutu". Ya ɗan yi tsawo, na sani, amma wanda ya ji kintace ya san ba rantsuwa aka yi ba.

Amsa daga Kusfa: Na yarda da tantance hannu. Ɗayan dai a rage masa jela, a ce "kintacen hali" kawai, mu gani ko zai zauna a bakin ɗalibai.