Motata tana fizga a cunkoson Kumasi, amma a babban titi lafiya lau take

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai matsalar da ta shafe wata uku tana damuna, kuma ina so in ji ta bakin masu sani kafin in yarda a kwance mini giyabos.

A ƙarshen damina na sayi wata ƙaramar motar Jamus mai gudu, ƙirar 2013, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Injinta mai lita 2 ne da turbo, giyarta otomatik ce mai hawa shida, kuma ta yi tafiyar mil 87,000. A babban titi ba ni da abin cewa, domin ranar da na ɗauko ta daga Accra, tun daga Nsawam har Konongo ban ji shigar giya ko sau ɗaya ba. Da na shigo gari ne halinta ya bayyana. Kullum da safe nakan bi ta Kejetia zuwa Adum, inda tafiyar ba ta wuce taku uku a tsaya, kuma duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga birki na taɓa totur, sai ta yi shiru na kusan daƙiƙa guda kamar ba ta ji ba, sannan ta zabura gaba da ƙarfi. Sau biyu saura ƙiris in daki bayan pragya, wato keken haya mai ƙafa uku. Ranar da na ɗauki mahaifiyata zuwa asibiti, kokon da ta riƙe ya zube a zaninta, ta dube ni ta ce ko dokin da ba a hora ba na sayo.

Haka kuma idan na rage gudu zan shiga shataletalen Suame, na ga hanya ta buɗe na sake taka totur, nakan ji wani bugu daga ƙasan motar. Idan zan shiga gida da baya kuwa, da yake ƙofarmu tana da ɗan tudu, sai ta riƙa kakkarwa. Abin ya fi tsanani da rana idan ta yi zafi, kuma babu wata fitilar gargaɗi da ta kama. Wani bakanike ya ce giyabos ɗin ya mutu a nemo wani, wani kuma ya ce in sayo wani ruwa a zuba a cikin man giya. Shin lalacewa ce ko kuwa halin motar ke nan, kuma daga ina ya kamata in fara?

Bakaniken Magazin:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bari kowa ya sa sifana a jikin giyabos ɗin nan tukuna, kuma ruwan da aka ce ka zuba ka bar shi a shagon mai shi.

Daga bayaninka ina kyautata zaton giyarka mai kuloci biyu ce, irin wadda Volkswagen ke kira DSG, Audi ke kira S tronic, Porsche kuma PDK. An fara sayar da mota mai irinta a 2003, a cikin Golf R32. Abin da ke ruɗa mutane shi ne sandar giyar tana da P, R, N da D kamar kowace otomatik, alhali cikinta daban yake. Otomatik ɗin da muka saba da shi yana da wata tukunyar mai tsakanin inji da giya, wadda muke kira kwanbata, fanka biyu ne a ciki, ɗaya tana kaɗa mai, man kuma yana juya ɗayar, shi ya sa motar take silalewa a hankali ba tare da wani ƙarfe ya kama wani ba. Giyar motarka ba ta da wannan tukunya. Giyar hannu ce guda biyu a cikin kwanso ɗaya, kwamfuta ce kawai take taka maka kuloci. A mai hawa shida, kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1, ta 3, ta 5 da ta baya, ɗayan kuma yana riƙe da ta 2, ta 4 da ta 6, kuma yayin da kake tafiya a kan ɗaya, kwamfutar ta riga ta shirya wadda take zaton za ka buƙata a gaba.

Daga nan za ka gane shirun nan na daƙiƙa guda. Muddin ƙafarka tana kan birki, kuloci a sake yake, sai ka ɗaga ta sannan ya fara kamawa a hankali. Idan ka taka totur a wannan tsakani, inji zai ɗaga murya, turbo ya fara hura iska, kuloci kuma ya kama a kan ƙarfin da ya taru, sai motar ta zabura. Na shataletale ma kusan haka ne: kana rage gudu tana shirin sauka, ka taka totur ba zato, sai ta sauya shawara a gurguje. Wannan ɓangaren halinta ne, sabuwa ma takan yi shi kaɗan.

Amma kakkarwar da take yi da baya, da yadda abin yake ƙaruwa idan ta yi zafi, da bugun da kake ji a ƙasa, waɗannan sun wuce hali. Kulocin irin wannan giya mai hawa shida a cikin mai yake iyo, kuma man nan aiki uku yake yi: yana sanyaya kuloci, yana shafe haƙoran giya, kuma da ƙarfinsa ne na'urar da muke kira mekatironik take matsa kuloci ta sake shi. Ƙa'idar masu ƙera ta ita ce a canja man da matacinsa duk kilomita 60,000, wato kusan mil 40,000. Mil 87,000 ɗinka ya kai kimanin kilomita 140,000, ka ga ya kamata a ce an canja shi sau biyu. Motocin da ake sayowa a gwanjon Amurka ba kasafai suke zuwa da takardar gyaran da aka yi musu ba, kuma sau da yawa idan na kwance murfin zubar da mai, abin da ke fitowa baƙi ne mai ƙaurin ƙuna.

Ga yadda zan bi da ita da a gabana take. Zan fara jona kwamfutar bincike wadda take iya karanta ƙwaƙwalwar giyabos, ba ƙaramar nan da ke karanta inji kaɗai ba, domin giyabos yakan ajiye kuskure ba tare da ya kunna fitila ba. Sannan a canja mai da mataci, a auna cikarsa lokacin da zafinsa yake tsakanin digiri 35 da 45, don idan an auna shi da sanyi ko da zafi sosai ma'aunin ba zai yi daidai ba. Bayan haka a sa kwamfutar ta sake koyon inda kowane kuloci yake fara kamawa, saboda wurin yana matsawa yayin da kulocin yake cinyewa, kuma masu gyara da yawa sukan tsallake wannan mataki. Bugun ƙasa kuma, ka buɗe bonet, wani ya danne birki sosai ya riƙa sauya giya daga D zuwa R, kai kuma ka tsaya a gefe, ba a gaban motar ba, ka kalli injin. Idan yana tsalle gaba da baya, robar da ke riƙe shi ta ƙasa ta yage. Sai an gama duk wannan abin bai tafi ba, sannan za a yi maganar kuloci, ko fulawil, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, ko mekatironik.

Mai Kayan Gyara, kasuwar Abossey Okai ta Accra:

Masta ya gama magana a kan giya, Allah ya ƙara basira. Ni zan ƙara ta ɓangaren inji ne, domin giya irin wannan ba ta ɓoye aibin inji kamar yadda tukunyar mai take ɓoyewa, duk tuntuɓen da ya yi sai ka ji shi a kujerarka.

Yaya, wane fetur kake sha? Ka duba cikin murfin tankinka. Idan ka ga an rubuta 91, wato lambar ingancin fetur ɗin da take buƙata, a motar da ta fito daga Amurka, to ba 91 ɗinmu ba ne, domin ma'auninsu daban yake da namu: 91 nasu ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON da gidajen manmu suke amfani da shi, 91 namu kuma bai wuce 87 nasu ba. Motar za ta tashi da shi, amma kwamfuta za ta riƙa ja da wutar fulogi baya don kare injin, musamman da rana tsaka. Ka duba fulogi da kwayil, ka duba matacin iska tunda mun shiga hunturu ƙura ta yi yawa, a kuma wanke bakin da iska take shiga inji. Injin da yake fesa fetur kai tsaye cikin silinda yana tara baƙin gawayi a bayan bawul, wanda yake sa shi rawa idan yana tsaye. Batir mai rauni ma yana rikita waɗannan kwamfutoci.

Man giyar kuma, ina roƙonka kada ka karɓi jan man otomatik na gama-gari don an ce duk ɗaya ne. Ka nemi wanda aka rubuta lambar giyarka a jikinsa, a rufe da hatiminsa, kuma a buɗe shi a gabanka. A kasuwarmu nake, na san abin da nake faɗa.

Alhaji Tsohon Direba, Asawase:

Ɗana, ni ba bakanike ba ne, amma na yi shekaru ina jan mota tsakanin Kumasi da Tamale da giyar hannu, kuma tunda Masta ya ce taka ma giyar hannu ce a ɓoye, to ka tuƙa ta kamar mai kuloci. Babu direban kirki da zai riƙe kuloci rabi da rabi tun daga Anloga Junction har Tech, amma abin da kake sa kwamfutarka take yi ke nan idan kana sakin birki kaɗan kaɗan kana bin bayan na gabanka taku taku. Ka danne birki sosai ka tsaya, ka bari na gaba ya ba da tazarar mota ɗaya ko biyu, sannan ka saki birkin gaba ɗaya, ka jira har ka ji motar ta fara motsi da kanta, sai ka ɗora totur a hankali kamar mai taka ƙwai. Na san mai trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zai cusa kai a tazarar. Ka bar shi ya shiga, shi ba zai taya ka biyan kuɗin kuloci ba.

Kada ka riƙe ta a kan tudu da totur, ka ja birkin hannu. Kada ka sa sandar giya a S, wato wurin gudu, cikin gari, don yana ƙara wa totur kaifi ne, kuma ƙafa ɗaya ce take aiki, ba a haɗa birki da totur. Ni dai duk tsayawar da zan yi nakan mayar da giya N.

Gaskiyar da ba za ka so ji ba ita ce an ƙera motar nan don buɗaɗɗen titi ne, ba don Kejetia ba. Su kansu masu ƙera motocin gudu wasunsu sun koma wa tukunyar mai: BMW ta fitar da M5 a 2017 da giya mai hawa takwas ta kamfanin ZF a maimakon mai kuloci biyu, daga baya M3 ma ta bi sahu.

Bakaniken Magazin:

Baba Alhaji, na yarda da duk abin da ka faɗa in ban da maganar N. Idan an danne birki sosai, kwamfutar ta riga ta saki kuloci, don haka babu buƙatar kai hannu ga sanda a kowace tsayawa, sai dai idan za a daɗe, nan kam babu laifi. Taɓa birki sama-sama ne yake cin kuloci. Ƙanena kuma, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: ka tura sandar zuwa ɓangaren canjin hannu, ka riƙe giya ta 1 a cikin cunkoso. Idan fizgar ta ragu sosai, to kai-kawon da take yi tsakanin ta 1 da ta 2 ne babban abin da kake ji. Ka tabbatar kuma mai hawa shida ce da gaske, domin akwai mai hawa bakwai wadda kulocinta busasshe ne, ita ta fi saurin ɗaukar zafi a cunkoso kuma hanyar kula da ita daban ce.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo da bayani bayan mako biyu. Mai hawa shida ce mai kuloci biyu kamar yadda Masta ya zata. Man da aka zubar baƙi ƙirin ne, wanda ya yi aikin ya ɗiga shi a kan farar takarda ya nuna mini kusa da sabon, kuma da muka buɗe bonet aka sauya D zuwa R, injin ya yi tsallen da ni kaina na ja da baya, ashe robar ƙasa ta rabu biyu. An canja ta, an canja mai da mataci da fulogi huɗu, an sa kwamfutar ta sake koyon kuloci, kuma na koma shan 95, don 91 na gani a murfin tanki.

Bugun ƙasa ya tafi gaba ɗaya, kuma yanzu ina shiga gida da baya ba tare da kakkarwa ba. Shirun nan na daƙiƙa guda yana nan, amma tunda na fara jira ta motsa kafin in taka totur kamar yadda Baba Alhaji ya ce, ba ta sake zabura ba, sai dai hon da nake sha daga baya. Abin da ya rage shi ne wata 'yar rawa idan tana shiga giya ta 2 a hawan Adum da rana, ba ta yi da safe. Masta, wannan alamar kuloci na biyu ya fara cinyewa ne, ko in ƙara ba ta lokaci tunda ba a daɗe da yi mata aikin ba?