Wane suna za mu ba farin fentin da ba fari fat ba?

Jama'a, akwai kalar fentin da ta cika ɗakuna yanzu amma har yau ba mu tsayar mata da suna ba. A jikin bokiti ana rubuta "warm off-white", masu fenti kuma su taƙaita su ce of-wayit. Ina so mu zauna a kan kalma ɗaya, domin rashin sunan na jawo asara: mai gida ya ce "fari nake so amma mai laushi", a shafe masa falo da abin da bai nufa ba, kuɗin fenti da na aiki sun tafi.

Ga abin da muke nema wa suna. Tushensa farin fenti ne na sinadarin titaniyam, sai a ɗiga masa rawaya kaɗan, wani lokaci da ɗan ruwan ƙasa. Ɗigon ba ya kai ya fitar da shi daga fari. Akwai ma'aunin da kamfanoni ke bugawa a bayan katin kala, LRV, daga 0 zuwa 100, mai nuna yawan hasken da bango ke mayarwa. Alabaster na kamfanin Sherwin-Williams, wanda suka zaɓa kalar shekarar 2016, yana kan 82. Wato har yanzu yana haska ɗaki sosai, ƙyallin da ke kashe ido ne kawai aka rage.

Cikin sunayen da mutane suka kawo, shawarar da ta fi yawa ita ce "fari mai ɗumi". Ban yarda da ita ba ko kaɗan. A kunnen Bahaushe ɗumi na jiki ne da ruwan wanka. Ka ce bango mai ɗumi, sai a ɗauka rana ce ta dake shi. Abin da ya fi wannan ma, mu kalar da ba ta tsokane ido ita muke kira mai sanyi. Ita wannan kalar da Bature ya kira mai ɗumi, ita ce ke ba mu sanyin ido. Nasa "mai sanyi" kuwa farin nan ne mai shuɗi-shuɗi da ke ɗaukar ido. Idan muka bi shi kalma da kalma, mai fenti zai kawo akasin abin da aka aike shi.

"Dusasshen fari" ma na ajiye shi gefe. Ba wanda zai biya kuɗi a shafa masa abin da sunansa ke cewa ya koɗe.

"Fari-fari" kalma ce tamu mai kyau, sai dai ba ta faɗi ta ina farin ya karkata ba. Mai sirkin toka fari-fari ne, mai sirkin shuɗi ma haka. Ina ganin a bar ta ta zama sunan dangin gaba ɗaya.

Malam mai fenti da ya ce ai muna da "ruwan madara", na gode, kai ka kawo mu kusa. Amma Malam, ka fi ni sanin cewa idan aka ce maka ruwan madara, hannunka zai ƙara rawaya har bangon ya koma abin da kuke kira kirim. Kirim kala ce mai zaman kanta. Ka jingina farar takarda a jikinta za ka ga rawayar ƙarara. Wanda muke magana a kai sai an haɗa shi da fari fat kafin a gane ba ɗaya suke ba. Ko a tsarin kaloli na RAL, da aka soma a Jamus a 1927, lamba 9001 da 9003 duk a gidan fari suke, amma na farko ya karkata ga madara, na biyu fari ne tas.

Don haka abin da na tsaya a kai shi ne "farin madara". Kalmar fari ce a gaba, ita ce uwar, madara tana nuna ɓangaren da ya jingina. Ruwan madara ya ci gaba da zama na kirim. Kishiyarsa kuma, farin nan mai sirkin shuɗi, mu ce "farin bula", tunda kowa ya san yadda bula ke sa farin tufa ya ƙara ƙyalli.

Sunan zai yi aiki har wajen zaɓen ƙwan lantarki. Ƙwai mai Kelbin 2700 (Kelbin ma'aunin kalar hasken ƙwai ne) haskensa rawaya ne, yana iya tura farin madara ya zama ruwan madara da dare. Mai 6500 kuwa yana janye rawayar har bangon ya yi kamar toka-toka. Shi ya sa ake shafa gwaji a bango biyu na ɗakin, a duba da safe, da rana, da bayan an kunna fitila, kafin a sayi bokiti.

Ku gwada shi a baki: "Bango farin madara, silin fari fat, ƙofofi ruwan madara." Masu fenti da masu sayar da shi, ku faɗa mana ko wannan jimlar za ta ishe ku haɗa kala ba tare da an nuna muku kati ba.