Wai jarumin da ka haɗa a editan gem naka ne ko na kamfani?

Mai Kwalkwali: Jama'a bari in faɗi abin da na san zai ɓata wa wasu rai. Masu ɗora hoton jarumin da suka haɗa a editan gem, wato wurin da ake tsara kamannin jarumi, suna rubuta "ƙirƙirata ce, kar wanda ya kwafa", dan Allah ku daina. Ba ƙirƙira ka yi ba, zaɓe ka yi. Hancin nan ma'aikacin kamfani ne ya zana shi, gashin ma haka, har tabon da ka liƙa masa a kumatu yana nan a jere da lambarsa, dannawa kawai ka yi. Mutum nawa suka danna wannan lambar kafin kai?

Ɗan Takobi: To fa, yau da mu aka tashi kenan.

Anti Sims: Ƙanena, tela shi yake saƙa yadin? Ai sayowa yake, zaren ma haka, amma in ya gama ɗinki ba mai cewa na masaƙa ne. Kai abin da ke cikin jerin kake kallo, mu kuma yadda aka jera su muke kallo.

Mai Kwalkwali: Anti ai tela yana da almakashi, yana yanka yadda ya ga dama. Ke a Baldur's Gate 3 ko faɗin hanci ba za ki iya taɓawa ba, fuskoki ne shiryayyu aka ajiye miki ki ɗauki ɗaya, sai ki canja gashi da kalar ido da fenti shikenan. Kuma su kansu Larian, kamfanin da ya yi gem ɗin, sun taɓa tsokanar 'yan wasa a 2020, lokacin gem ɗin bai ma fito gaba ɗaya ba, suka tattara abin da mutane suka fi zaɓa suka haɗa jarumi guda da shi, sai ga wani bature mai ɗan gajeren gashi wanda ba abin da ya raba shi da jarumin kowane gem. An ba mutane ƙaho da wutsiya da jan ido amma suka koma kan abu ɗaya. Ina ƙirƙirar take?

Dogo: Wannan hujjar taka kanka ta sara malam. Idan mafi yawan mutane abu ɗaya suke fitarwa alhali kayan a gaban kowa suke, to wanda ya fitar da daban me ya yi kenan? Ai shi ne ya yi tunani. Kasalar jama'a ba ta goge aikin wanda ya zauna ya yi.

Anti Sims: Yauwa Dogo. Kuma ka ɗauko gem ɗin da editansa ya fi takura ka yi mana misali da shi. Je ka buɗe The Sims 4, tun 2014 kama kumatu kake da linzami ka ja, ka tura haɓa ciki, ka ɗaga gira, ba lamba ba jeri. Ko Black Desert da har yankin fuska ɗaya-ɗaya ake murɗawa. Ka ba mutum biyu awa guda a nan, wallahi ba za su fito da fuska iri ɗaya ba ko da sun haɗa baki.

Mai Kwalkwali: Su fito da fuska dubu ma, iyakar da kamfani ya sa ba mai tsallake ta. Sandar da kake ja tana da farko tana da ƙarshe.

Baƙin Mayaƙi: A nan kam ina bayan Mai Kwalkwali, amma ba don dalilinsa ba. Ni matsalata iyakar ce kanta. Shekaru nawa muna buɗe edita mu tarar da gashi kala talatin duk mai santsi ne, na baƙar fata guda biyu, ko tulin gashi zagayayye ko aski ƙwal. Kalar fata kuma in ka ja ta zuwa duhu sai ta koma toka-toka kamar mara lafiya saboda hasken gem ɗin ba da ita aka gwada shi ba. Ita Sims 4 ɗin da Anti take yabo sai a Disambar 2020 suka ƙara kalar fata sama da 100, bayan 'yan wasa sun daɗe suna ƙorafi, kafin nan masu yin mod, wato ƙarin kayan da 'yan wasa suke haɗa wa gem da kansu, su ne suke rufa wa mutane asiri. To in abin da ke kaina ba ya cikin akwatin, yaya zan ce abin da ya fito nawa ne? Na kusa da shi na ɗauka na haƙura.

Anti Sims: Wannan gaskiya ne ban musa ba, ni ma da kayan mod na rayu kafin afdet ɗin. Amma ka lura, haushin da ka ji shi ne shaidar cewa da hoto a kanka kafin ka buɗe editan. Wanda zaɓe kawai yake ba ya jin haushin abin da babu.

Ɗan Takobi: Ku duk kun tsaya a fuska. Ni fuska ba ta dame ni ba, a Elden Ring minti kaɗan za ka samu hular ƙarfe ka kife a kai, daga nan ƙeya kawai kake gani har ka gama. Cyberpunk 2077 ma da idon jarumin kake kallo, sai a madubi ko kan babur za ka gan shi. Inda haɗin yake da ma'ana shi ne inda jiki yake canja wasa. A Dragon's Dogma in ka yi ƙato mai nauyi ya fi ɗaukar kaya amma ƙarfinsa ya fi jinkirin dawowa in ya gaji, in ka yi ɗan siriri mara nauyi nan da nan yake farfaɗowa amma kaya kaɗan ya ishe shi. A Street Fighter 6 in ka ba jaruminka dogayen hannuwa naushinsa zai kai nesa, amma in ka ƙara masa girma ka ƙara wa abokin faɗa wurin duka. Wannan shawara ce ka yanke, kuma kai za ka ɗanɗana sakamakonta. Shi nake kira nawa.

Mai Kwalkwali: Oga ai wannan saiti ne ba zane ba. Soulcalibur VI fa? Ka ɓata yini kana jera sulke da gashi, ƙarshe salon faɗan jaruman gem ɗin irin su Mitsurugi ko Siegfried za ka ara masa, motsi ɗaya ba naka. Mitsurugi ne ya sa kayan wani.

Dogo: Hahaha wannan ta shiga.

Ɗan Takobi: Ta shiga amma a Soulcalibur kaɗai.

Lauyan Zaure: Ku bari in raba muku abu biyu da kuke cakuɗawa, mallaka daban, ƙirƙira daban. Ta fuskar mallaka Mai Kwalkwali ya fi kusa da gaskiya, yarjejeniyar nan da kowa yake danna amincewa bai karanta ba yawanci tana cewa kayan cikin gem na kamfani ne, izinin amfani kawai aka ba ka. Ba za ka ciro samfurin jarumin ka je kana sayarwa ba. Amma ku tuna abin da ya faru da gem ɗin City of Heroes, a 2004 Marvel ta kai kamfanonin gem ɗin, NCsoft da Cryptic Studios, kotu a Amurka tana cewa editan gem ɗin yana ba mutane damar haɗa jarumai masu kama da nata irin su Hulk da Wolverine, daga baya a 2005 suka sasanta. Ku duba da kyau, kayan da aka haɗa kwafin da su duk na gem ɗin ne, ba guda ɗaya da Marvel ta zana. Abin da ta yi ƙara a kai shi ne siffar da ta fito bayan an haɗa. Kenan siffa aba ce mai zaman kanta, ba ta zama ta mai kayan don kawai da kayansa aka yi ta.

Anti Sims: Allah ya biya ka Lauya. Ƙanena ka ji ko?

Mai Kwalkwali: Na ji Anti, amma sasantawa aka yi, ba hukunci aka yanke cewa siffar ta ɗan wasa ce ba. Kuma labarin ma ni yake taimako, an ba mutane edita mai faɗi haka, me suka fara yi? Kwafar jaruman wasu. Ku shiga inda ake raba haɗe-haɗe a WWE 2K ku ga abin da aka fi saukewa, 'yan kokawar da babu a gem ɗin ne da fitattun mutane, ba sabbin fuskoki ba.

Dogo: Mun dawo inda muka fara, kana ƙirga masu kwafa kana yanke wa marasa kwafa hukunci.

Baƙin Mayaƙi: Ni tambayata gare ka ɗaya ce malam. A Dragon's Dogma bayan jaruminka kana haɗa mataimaki, wasu 'yan wasa su ɗauke shi haya ya yi musu yaƙi ya dawo maka da abin da ya koya. In wani ya ɗauki hoton naka, ya kwafi duk lambobin fuska da tsayi da suna, ya ɗora ya ce shi ya yi, ba za ka ji komai ba?

Mai Kwalkwali: Zan ji mana, awa nawa na zauna a kai. Amma lokacina ya sata, ba zanena ba.

Anti Sims: Lokacin da ka ɓata kana yin me?

Mai Kwalkwali: Kina so in ce ƙirƙira, ba zan ce ba. Zaɓe.

Ɗan Takobi: To turo mana lambobin mataimakin naka tunda ba naka ba ne, ina neman maharbi.

Mai Kwalkwali: Je ka haɗa naka.