Wai da gaske ne zinare yana sake tsirowa a tsohon rami?

Ɗan Shanono:
Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙaramar hukumar Shanono, amma da rani idan an gama kai amfani gida nakan bi samari wajen haƙar zinare. Akwai wani tulin ƙasa da iyayenmu suka wanke tun muna yara, suka watsar. Bana bayan ɗaukewar ruwa ƙanena ya ɗebo ya sake wankewa a kwano, sai ga ƙyalli. Ba wani mai yawa ba ne, amma ya isa kuɗin taki. Kawuna ya ce ai dama zinare haihuwa yake yi, in ka bar rami ya huta sai ya dawo. Wasu suka ce aljanun wurin ne ke matsar da shi. Ana cikin haka aka turo min bidiyo a WhatsApp wai Turawa sun gano ƙwayar cuta mai kashin zinare. Masu ilimi, ina gaskiyar take? In da gaske ne, ina ake samun irinta?

Malamin Sakandare, Bichi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu wata halitta da ke ƙera zinare daga babu. Abin da ke cikin ƙasa shi ke nan, ba ya ƙaruwa. Amma kawunka bai faɗi ƙasa ba gaba ɗaya, domin zinare yana narkewa, ya bi ruwa, ya sake taruwa a wani wurin, kuma bakteriya, wato ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, suna da hannu a ciki.

Wasu daga cikinsu narkarwa suke yi. Akwai mai suna Chromobacterium violaceum da ke fitar da sayanayid kaɗan, gubar nan da manyan kamfanoni ke zaro zinare da ita. To narkakken zinare guba ne ga ƙananan halittu, saboda haka wasu sun san yadda za su kare kansu. A 2006 wani masani, Frank Reith, da abokan aikinsa suka duba ƙwayoyin zinare daga wuraren haƙa biyu a Ostareliya, suka ga wani siririn yauƙi na bakteriya a manne a jikinsu. Cikinsu har da Cupriavidus metallidurans, wadda ke mayar da narkakken zinaren ya zama daskararre don kada ya kashe ta. A 2013 kuma masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka nuna cewa wata, Delftia acidovorans, tana fesar da wani sinadari da ke daskarar da shi tun kafin ya shiga jikinta. Zinaren da ya biyo ta wannan hanya yakan fi tsabta, don azurfar da ke gauraye da na cikin dutse ta zube a hanya.

Bidiyon naka ina zaton na Jami'ar Jihar Michigan ne ta Amurka, na 2012. Abin da masu yaɗawa ba sa faɗa shi ne, ruwan da aka ba bakteriyar da ma narkakken zinare ne, da kuɗi aka saye shi, kuma ya fi ɗan abin da ya fito tsada. Duk wanda ya ce zai sayar maka da iri a kwalba, ka riƙe aljihunka.

Tsohon Mahaƙi:
Malam ya yi bayanin boko, Allah ya ƙara sani. Ni dai yaro abin da zan faɗa maka daga aikin hannu ne. Wankin kwano ba ya kama garin zinare, mai laushin nan bin ruwa yake. Iyayenku kuma a turmi suka daka, ba injin niƙa. Rabin abin yana nan a cikin tsakuwa suka zubar. Damina ta yi ta dukan tulin, ta kwashe ƙasa mara nauyi, mai nauyin ya zauna. Ƙanenka abin da aka bari ya tsinta.

Malamin Sakandare, Bichi:
Baba, maganarka ita ce babba, kuma ita ta fi bayyana abin da ya faru a tulin nan. Abu ɗaya zan ƙara. Ka san dutsen nan mai ƙyalli kamar zinare da ke yaudarar sababbin shiga? Ƙarfe ne da farar wuta, kuma sau da yawa zinare na gaske yana kulle a cikinsa, ko zaiba, ruwan ƙarfen nan da mahaƙa ke tattara zinare da shi, ba ta kama shi. Idan ya sha iska da ruwa yakan ruɓe ya koma jan tsatsa, kuma akwai bakteriya irin su Acidithiobacillus da abincinsu ke nan, su ke hanzarta ruɓewar. Sai zinaren ya kuɓuta. Kamfanoni sun mayar da wannan sana'a: mahaƙar Fairview a Afirka ta Kudu ta fara amfani da bakteriyar a 1986, ta Obuasi a Ghana a 1994. Manyan tankuna ne da ake hura wa iska ana kula da zafinsu dare da rana, ba aikin bayan gida ba.

Ma'aikaciyar Asibiti, Gwarzo:
Yaya, don Allah duk abin da za ku yi, kada a kai wannan ƙasar cikin gida a daka. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, saboda a tsakar gida ake niƙa. Kayan da kuka yi aiki da su ma a wanke a can, kada a ƙona zaiba kusa da yara.

Ɗan Shanono:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa kawu, ya ce to ai maganarsa ce, sunan aljanun kawai Malam ya canza. Baba, ƙasan tulin namu duk ja ne kamar yadda Malam ya kwatanta. Daga nan za mu fara ɗiba ko daga bakin kwazazzabon da ruwan ke gangarawa?